Darasi na Tara: Kwalara, Ciwon Amai da Gudawa

A ɗauka damina ta yi nisa, watan Agusta, gulbin Zamfara ya cika ya tumbatsa har ya shiga gonakin shinkafa na ƙasar Jega. Wani magidanci daga Alelu ya yi sammako zuwa gona. Rana ta take, ruwan goransa ya ƙare, sai ya gangara wata 'yar rijiyar fadama, ya kore ganye da bayan hannu, ya kamfata ya sha. Ruwa garau, ga sanyi, babu wari. Ya yi alwala, ya yi azahar, ya koma bakin aiki.

Kwana biyu bai ji komai ba. Daren na uku, gab da asuba, cikinsa ya yi ƙugi sau ɗaya, ya ɗauki buta. Bai gama zama a bakin gado ba ya sake miƙewa. Kafin hantsi ya zaga fiye da sau goma, kuma abin da ke fita ya daina kama da bayan gida: ruwa ne tsararo, fari-fari kamar tsarin shinkafa, da ɗan ƙarni irin na kifi. Amai ya biyo baya. Babu zazzaɓi, babu wata murɗar ciki ta a-zo-a-gani. Zuwa azahar, mutumin da shekaranjiya ya saɓa buhun taki shi kaɗai ba ya iya ɗaga moɗa. Idanu sun zurma, murya ta dishe, ƙwauri na ɗaurewa, fatar yatsunsa ta yamushe kamar ta macen da ta wuni tana wanki.

Wannan ita ce kwalara. Mu bar shi kwance a kan tabarma tukuna, za mu dawo gare shi.

Mece ce ita?

A bakin mutane sunanta amai da gudawa, ko amai da zawo kamar yadda aka fi faɗa a nan ƙasar Gwandu. Kalmar kwalara aro ce daga Turanci. Ciwo ne na hanji, wanda wata ƙwayar cuta ke haddasawa; masana na kiranta Vibrio cholerae. Ƙanƙantarta ta kai a jera ɗaruruwa a kan tsinin allura ba tare da ido ya ga komai ba. A ƙarƙashin madubin likita tana da ɗan lanƙwasa kamar waƙafi, da 'yar jela guda wadda take iyo da ita.

Babbar hanyarta ita ce: ta fita daga cikin wani ta bayan gida ko amai, ta shiga bakin wani ta ruwa ko abinci. Ba ta bin iska. Ba a ɗaukarta don an gaisa da mai ita, ko don an zauna kusa da shi a mota. Sauro ba ya kai ta. Maganar ba ta da daɗin ji, amma gara a faɗe ta ƙarara a cikin aji: kusan duk wanda ya kamu da kwalara, wani ɗan ɓurɓushin najasar mutum ne ya isa bakinsa.

Daga shigarta zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki awa 12 zuwa kwana 5. Abin da ke sa ta wuyar tarewa kuwa shi ne, akasarin waɗanda ta shiga jikinsu ba sa kwanciya. Wasu ba sa jin komai, wasu 'yar gudawa ce ta kwana ɗaya su miƙe. Amma duk da haka suna zubar da ƙwayar a bayan gidansu har tsawon kwana ɗaya zuwa goma. Ke nan mutum na iya cin kasuwar Jega lafiya lau, ya sayar da kayansa, ya tsuguna a bayan wani kango, ya hau mota ya koma garinsu, bai san ya bar wa mutane abin da ya bari ba.

Ba kowace gudawa ce kwalara ba. Atini na zuwa da jini da majina da murɗa, mutum na yawan zagawa amma kaɗan-kaɗan. Taifot, wadda ita ma ta ruwa da abinci take shiga, zazzaɓi ne mai naci da ciwon kai da kasala na kwana da kwanaki, don ita ƙwayarta tana ratsa hanji ta shiga jini. Gudawar jarirai kuma sau da yawa wata ƙwaya ce daban mai suna rota, wadda aka sa rigakafinta cikin jerin na yara a Najeriya a 2022. Alamar kwalara ita ce yawa da sauri: ruwa kamar an buɗe famfo, ga babban mutum ya zube cikin 'yan awoyi. Idan ka ga haka ga baligi ko yaron da ya wuce shekara biyu, musamman in an sami mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya, ɗauke ta a matsayin kwalara har sai asibiti ta ce ba ita ba ce.

Abin da take yi a cikin hanji

Nan ne zuciyar darasin, don wanda ya gane wannan ya gane maganin.

Fiye da rabin nauyin jikin mutum ruwa ne. Kowace rana, tsakanin abin da muka sha da miyau da ruwan da ciki ke fitarwa don narka abinci, wajen lita takwas ke bi ta cikin hanji. Aikin hanji shi ne ya tsotse kusan dukkan wannan ruwa ya mayar wa jini, ya bar ɗan kaɗan ya fita da bayan gida.

Manomin albasa na Aliero zai fi kowa saurin fahimta. Ka ɗauki hanji a matsayin magudanar ruwa, jiki kuma shi ne gona. Injin ban-ruwa na zuƙo ruwa daga magudana yana watsa wa fangali. To, a ce wani ya zo cikin dare ya juya tiyo, injin ya koma zuƙe ruwan gona yana zubarwa a magudana, kuma babu mai iya kashe shi. Kafin rana ta yi tsaka, albasa ta kwanta.

Haka kwalara ke yi. In ta tsallake tsamin tumbi, wanda ke kashe da yawa daga cikinta, sai ta manne a bangon ƙaramin hanji ta hayayyafa, ta saki wani dafi. Dafin ba ya huda hanji, ba ya sa rauni, shi ya sa babu jini a gudawar kuma galibi babu zazzaɓi. Abin da yake yi kawai shi ne juya injin: bangon hanji ya koma fitar da gishiri daga jiki, ruwa kuma ya bi gishirin. Idan abin ya yi tsanani, babban mutum na iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya. Ka lissafa da kanka: jarka mai lita goma kafin magariba.

Duk alamomin da muka gani a jikin mutumin Alelu daga nan suka fito. Ido ya zurma don ruwan da ke tallafe da shi ya janye. Jini ya ragu ya yi kauri, sai bugun jijiya ya yi rauni, hannu da ƙafa su yi sanyi. Gishirin da jijiyoyi ke aiki da shi ya zube, sai ƙwauri da ciki su riƙa ɗaurewa. Ƙoda ta rasa abin tacewa, fitsari ya ɗauke. Ga jariri kuwa, maɗiga ce ke lotsawa, ya yi kuka babu hawaye. Iyayenmu sun daɗe da lura da maɗigar da ta faɗa, sai dai an ɗauke ta ciwo ne mai zaman kansa, ana shafa mata magani daga waje, alhali ƙishirwa ce take nunawa.

Akwai gwaji mai sauƙi: ka tsunkuli fatar cikin majinyaci ka ɗaga ka saki. Ta mai lafiya na komawa nan take. In ta tsaya kamar an naɗe tsumma, tana komawa a hankali fiye da daƙiƙa biyu, ruwan jikinsa ya yi ƙasa matuƙa.

Saboda haka kwalara ba ta kisa da zafin jiki ko da ruɓar hanji. Bushewa ce ke kisa. Cikin waɗanda ta yi wa mugun kamu, in ba a yi komai ba, kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na iya mutuwa. In an mayar da ruwa da gishirin da suka zube a kan lokaci, ba a rasa ko mutum ɗaya cikin ɗari. Da wuya ka sami wata cutar da ratar da ke tsakanin kulawa da sakaci ta kai haka faɗi.

Ido ba ya ganinta

Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan ruwan sha, bai sani ba.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 kwalara ta ɓarke a wata unguwa mai suna Soho a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600 cikin 'yan makonni. A lokacin manyan likitocin Ingila sun yi imani wari da gurɓatacciyar iska ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow bai yarda ba. Ya bi gida-gida yana tambaya, yana sa alama a taswira duk inda aka yi mutuwa, sai ya ga alamomin sun yi dandazo a kewayen famfon tuƙa-tuƙa guda da ke titin Broad. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne labarin wata tsohuwa da ke zaune can nesa a Hampstead, inda babu cutar. Ta taɓa zama kusa da famfon, kuma daɗin ruwansa ya shiga ranta, har kullum sai an kai mata kwalba guda. Ta sha, ta mutu. Snow ya shawo kan hukumar unguwa aka cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba. Daga baya aka tona aka tarar ramin masai na wani gida, wanda ake zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya mai gudawa, bai kai taku biyu daga rijiyar ba, yana tsiyaya a ciki.

Ita kanta ƙwayar, wani Ba'italiye mai suna Filippo Pacini ya hango ta a madubi a wannan shekara ta 1854, ba a kula shi ba, sai da Bajamushe Robert Koch ya sake gano ta a Masar da Kalkata tsakanin 1883 da 1884.

Na kawo labarin tsohuwar nan ne don muna da irinta a kowane gari: rijiyar da aka san ta da ruwa mai garɗi, wadda ake tsallake famfo a je a ɗebo. A makarantar zaure an koya mana cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba ya halatta a yi tsarki da shi. Wannan hukuncin ibada ne, yana nan daram. Amma ba shi ne ma'aunin lafiyar sha ba. Ruwa na iya cika duk sharuɗɗan nan uku, kofi guda nasa kuma ya kwantar da gida. Haka nan alam, wanda wasu ke kira alif, da garin 'ya'yan zogale: suna kwantar da laka ruwa ya yi haske, suna rage datti, amma ba a dogara da su wajen kashe ƙwayar.

Ta ina take biyowa a ƙasarmu?

Asalin gidanta shi ne bakin kogin Ganges, tsakanin Indiya da Bangaladash. Daga 1817 ta fara fita tana zaga duniya, tana bin jiragen ruwa da ayarin fatake da sojoji. A 1865 ta kashe dubban alhazai a Makka. Zagayen da muke ciki yanzu, na bakwai, ya faro daga Indunusiya a 1961, ya iso Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini a 1970, ya shigo Najeriya a ƙarshen wannan shekara. Tun daga nan ba ta tafi ba. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, an ƙirga mutum 59,478 da suka kamu a Najeriya, 7,654 suka rasu. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga mutum 111,062 da ake zaton sun kamu, 3,604 suka mutu. Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne a kan gaba, Kebbi na cikin jihohin da ta taɓa, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 suka fi yawa. Mamatan wannan shekara guda sun zarce duk waɗanda aka ƙirga korona ta kashe a ƙasar nan daga 2020 zuwa ƙarshen 2021, amma ka tuna wace ce aka rufe kasuwanni da makarantu dominta.

Damina ce lokacinta. Bayan gidan da aka yi a fili duk tsawon rani, a bayan gari, a kwazazzabo, a gindin kuka, ruwan sama na farko ke kwashe shi ya kai tafki da gulbi da rijiyar da ba ta da baki. In kuma aka yi ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, masai da rijiya kan zama abu ɗaya, mutane su taru a aji guda na firamare da makewayi ɗaya ko babu. A fadama ruwan ƙasa na kusa, taku kaɗan ka haƙa ka same shi; abin da ya sa noman rani ke albarka ke nan, kuma shi ya sa ramin masai ke saurin haɗuwa da rijiya ta ƙarƙashin ƙasa.

Amma kada a ɗora wa gulbi laifi duka. Sau da yawa ruwa kan baro rijiyar burtsatse da tsabtarsa, a hanya ko a gida yake lalacewa. Jarkar ɗan garuwa da ba a taɓa wanke cikinta ba. Gugan da ake yarwa a ƙasa, inda yara da awaki suka taka, a sake zura shi. Sai kuma randa. Ku lura da moɗar gidanku yau: yaro ya dawo daga wasa, ya ɗauke ta daga ƙasa, ya zura hannu har wuyan hannu cikin randa, ya sha, ya mayar da ragowar. Mutum goma sha biyu ke sha daga wannan randa.

Ga abinci kuma. Kunun zaƙi da zoɓo da ƙanƙarar leda, da wane ruwa aka haɗa su? Fura da nono, da me aka dama? Latas da kabeji da gurji da yalo da aka yayyafa wa ruwan kwata don su yi sheƙi. Tuwon da ya kwana a buɗe ƙuda na sauka, aka ci ba ɗumame. Kwano ɗaya na wanke hannu da ke zagaya mutum takwas kafin a ci abinci, na ƙarshe yana wanka da dattin bakwai. Da kashin yaro, wanda ake ce wa ba ya da komai, a share shi da tsinke a jefa bayan ɗaki. Alhali nasa ma ɗauke yake da ƙwayar kamar na babba. Leburan da ke cirar albasa a Aliero da masu yankan shinkafa a fadamun Maiyama sukan wuni a gona, kuma mai gona da ya ɗauko mutum ashirin bai kawo musu jarkar ruwan sha ba ya san sarai daga ina za su sha.

A faɗin Najeriya, wani ƙiyasi na 2021 ya nuna mutum kusan miliyan 48 ke bayan gida a fili. Ba abu ne da ya gagara ba: a watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta rabu da wannan ɗabi'a. Mu da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mu biyan buƙata a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke zama, bai kamata a ce sai wata ƙungiya ta zo daga waje ta tuna mana ba. Makarantar allo mai almajiri ɗari babu masai ko ɗaya, ba laifin yaran ba ne, na unguwar da ke kewaye da ita ne.

Mu koma ga mutumin Alelu

Matarsa ta taɓa jin bayani a wurin awon ciki. Ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta auna lita guda, ta juye ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti, a ciki, ta tallafo kansa tana ba shi da cokali. Ya yi amai. Uwarsa, da ke zaune a bakin ƙofa riƙe da jiƙon sassaƙe, ta ce:

"Ke ɗiyar ga, mi kike yi haka? Mutum shina amai, shina zawo, ke kuma kina ƙara mai ruwa? Ai ruwan ne ke fita. Bari cikin shi huta."

"Inna, ku yi haƙuri. Malamar asibiti ta ce abin da ya fita shi za a mayar. In ya yi amai a dakata kaɗan a ci gaba. Ku dai sa a kira mai mashin."

Maganar Inna ba ta wauta ba ce; kowa ya ga tulu na yoyo zai ce a daina zuba ruwa. Amma ita ce ta kai mutane da yawa kabari. Ga dalilin da ya sa surukar ta fi ta gaskiya. Bangon hanji na da wata ƙofa ta biyu wadda dafin kwalara bai taɓa ba. Wannan ƙofa ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. In suka shiga, ruwa ya bi bayansu zuwa jini. Ruwa zalla ba ya wadatarwa, gishiri shi kaɗai ba ya shiga, lemon kwalba kuwa sukarinsa ya yi yawa har yana ƙara gudawar. Sai an haɗa ukun bisa ma'auni.

An tabbatar da wannan ne a wuri mafi tsanani. A 1971, lokacin yaƙin ɓallewar Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon, cikin Indiya. Ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a cikin manyan durom, 'yan uwan majinyata na ɗiba da kofi suna ba su. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Ba likitoci ne suka riƙe kofunan ba, iyaye mata ne da ƙanne.

Ƙullin ORS na asibiti ko kemis shi ya fi, don yana da sauran gishirin da jiki ke zubarwa. Ƙulli ɗaya a lita ɗaya, sai dai in an rubuta wani ma'auni a jikinsa. In babu, a haɗa na gida: lita guda ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya-wata biyu masu rabin lita, da sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, ba a tsiri ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Gishiri in ya zarce yana da haɗari, musamman ga yaro, don haka ba wurin nuna gwaninta ba ne. Yaron da bai kai shekara biyu ba a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, ɗan shekara biyu zuwa tara rabin kofi zuwa kofi guda, babba kuwa ya sha iya shansa. In an yi amai a jira minti goma, a ci gaba cokali-cokali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Mai shan nono kada a cire shi daga nono. Yara kuma a haɗa musu da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14.

Amma mutuminmu ya riga ya yi nisa: ido ya zurma, fitsari ya ɗauke, yana lumshewa. Irin wannan sai ƙarin ruwa ta jijiya. Ruwan gishiri da sukari guzurin hanya ne, ana ba shi a kan mashin ko a mota har a isa asibiti mafi kusa, ko ƙaramin na mazaɓa ko babban asibitin Jega, Aliero ko Maiyama. Kada a jira gari ya waye, kada a jira maigida ya dawo ya ba da izini; wannan magana ce da ya kamata kowane magidanci ya yanke wa iyalinsa tun yau. A can za ka ga gadon masu kwalara, mai rami a tsakiya da bokiti a ƙasa. Ba wulaƙanci ba ne: da bokitin ake auna abin da ya fita don a san abin da za a mayar. Mutumin da aka shigo da shi ranga-ranga da la'asar, sau da yawa kafin isha ya buɗe ido yana neman koko.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a kemis. Flagyl ba ya kashe ƙwayar kwalara. Maganin tsayar da gudawa ba ya mayar da ɗigon ruwa ko ɗaya. Akwai magungunan kashe ƙwayar cuta da ma'aikacin lafiya kan bayar ga wanda ciwon ya yi wa tsanani, suna rage kwanakin gudawar, amma taimako ne kawai. Jiƙo da rubutu kuma, in da ɗanyen ruwan rijiyar nan aka haɗa su, an ƙara wa Barno dawaki.

Tsare sauran gida

Ruwan sha a tafasa shi har ya yi ɓul-ɓul na minti guda. In itace ya yi tsada, a sa sinadarin kulorin irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ma'aunin da ke jiki, a jira rabin awa; in ruwan na da laka a fara kwantar da shi. A Bangaladash an gwada tace ruwan tafki da tsohon zane da aka ninka huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan. Dabara ce ta ranar da babu komai, ba madadin tafasawa ba. Randa ta samu murfi da moɗa mai dogon hannu wadda ake ratayewa, a zuba a wani kofi a sha. Hannu a wanke da sabulu, ko toka in babu, bayan an zaga, bayan an wanke wa yaro, kafin girki da kafin ci, kuma zubawa ake yi da buta, ba tsomawa a kwano ba. Ramin masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya, wajen taku arba'in na babban mutum, kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu.

Kayan majinyaci ba a kai su gulbi ko bakin rijiya. A jiƙa su da ruwan bilic ko tafasasshen ruwa, amai da bayan gida a zuba musu bilic kafin a juye a masai. In Allah ya yi wa mutum rasuwa, gawarsa na ɗauke da ƙwayar. A nemi ma'aikatan lafiya su nuna yadda za a yi wanka da safar hannu da ruwan kulorin, a taƙaita masu wankan, ruwan wankan ya tafi rami, kuma waɗanda suka yi shi kada su taɓa girkin zaman makoki. Akwai rigakafin kwalara na sha, wanda hukuma kan kawo inda ta ɓarke. Asalinsa sau biyu ne, amma saboda ƙarancinsa a duniya aka koma ba da sau ɗaya a Oktoban 2022.

Saura kunya. Gidaje da yawa kan ɓoye mai amai da gudawa don kada a ce gidansu ƙazami ne, har sai na biyu da na uku sun kwanta. A gaya wa mai unguwa da asibiti tun daga mutum na farko. Kowace ƙaramar hukuma na da jami'in sa ido kan cututtuka, kuma lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232. Da wuri aka sani, da wuri za a gano wace rijiya ce a zuba mata magani.

Aikin aji da na gida

Ku tattauna: me ya sa fatar mai kwalara ke tsayawa in an tsunkule ta? Da wace magana za ka shawo kan dattijuwa irin Inna ba tare da ka ci mata fuska ba?

Kafin zama na gaba, kowa ya taka daga bakin masai na gidansu zuwa rijiyar da suke sha, ya rubuta yawan takun a littafinsa da lambobi, ya kuma rubuta wanne ne ta tudu. Mata su zo da ƙaramin cokalin shayi da gishiri, maza su zo da sukari da ledar ruwa biyu-biyu. Kowa zai haɗa lita guda da hannunsa a gaban aji, na kusa da shi ya ɗanɗana.